Kitson Da Ban Taɓa Yi Miki Ba

Rano, ranar Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma.

Assalamu alaikum, 'yar Dada.

Ina gaishe ki, ina miki sannu da jiki. Allah Ya sa kaffara ne, Ya kai ki Kano lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki da gadon asibiti.

Ina rubuta wannan takarda a kan tabarma a ƙofar ɗakina, na idar da La'asar ke nan. Ke da babanku kun hau babur tun da hantsi kun tafi Durba ki yi wa Dada sallama, kuma na san halin mahaifiyata, ba za ta sake ku ba sai rana ta yi sanyi. Jakarki tana jingine da gado. Gobe bayan Asuba za ku shiga motar Kano, ki sauka gidan Goggo Asabe, ranar Litinin a fara miki ƙarin ruwan kemo. Zan naɗe takardar a cikin sallayarki, don ki same ta a sallar farko da za ki yi a can.

Kin san dalilin da ya sa na rubuta ban faɗa da baki ba. Ke ce 'yata ta fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi. Ana yaye ki Dada ta ɗauke ki, ita ta goya ki, ita ta yi miki kitso, kika tashi kina kirana Adda kamar yadda ƙannena suke kirana. Haka muka tarar, ban kuma ga laifin kowa ba. Sai dai akwai maganar da ba a aiken yaro da ita.

Shekaranjiya ina tankaɗe na ji ki da ƙanwarki Safiya a tsakar gida, tana shafa miki mai a kai. Kika ce, "Wallahi in na ga ya fara zuba ba zan koma ba. Gara in tafi da gashina." Safiya ta ce, "To Yaya, ki yi min wasiyya da shi mana in ƙara a nawa." Kika kwaɗa mata matsefi, kuka yi dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na taɓa faɗin wannan maganar, kuma ni na aikata ta.

Lokacin da na yi nawa ciwon kina makarantar kwana, in an yi hutu kuma Durba ake kai ki. Kaɗan kika gani, sauran an ɓoye miki. Yau zan faɗa miki. Tun bara da na gama digirina kuke tsokanata wai ko gishiri zan saya sai na nemi hujja. To haka zan yi a nan ma. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da nas ko likita suka faɗa min zan ce su suka faɗa. Abin da ban sani ba zan tara shi a ƙarshe.

Nawa ciwon dajin a nono yake, naki a kaluluwar wuya. Ba lallai maganinmu ya zama iri ɗaya ba, kuma ba kowane kemo ne yake zubar da gashi ba. Amma likitanki ya gaya wa babanku cewa naki yana cikin masu zubarwa, don haka ba zan yaudare ki da "wataƙila" ba. Nas ɗin da take sa min ruwa ta bayyana min cewa maganin yana bin duk abin da yake saurin tsiro a jiki, saiwar gashi kuwa tana cikinsu. Ta ce zubar gashi ba alama ce ta ciwo ya ƙaru ba. Ta ce yawanci yakan fara sati biyu zuwa uku bayan ruwan farko. Nawa haka ya yi.

Na ji duk wannan bayanin, amma ga abin da na yi. Ana gobe za a sa min ruwan farko na tafi gidan Larai mai kitso, ta bayan kasuwa. Ta ce, "Malama, wane iri za a yi?" Na ce ƙanana, ta ja sosai, irin wanda zai daɗe bai tsufa ba. Ta leƙo fuskata ta ce, "Ke da ake taɓa miki ƙeya ki hau salati? Yau kuma wa za a burge?" Ban gaya mata komai ba. A raina na ƙudura cewa abin da aka ɗaure tamau ba zai samu hanyar faɗuwa ba.

Abin da ya faru ya fi zubar muni. Da farko fatar kaina ta riƙa zafi, ko matashi na ɗora kai sai in ji kamar ana tsira min ƙaya. Daga nan gashin ya saki daga saiwa, amma kitson ya hana shi fita, sai ya cure ya dunƙule a ciki kamar sheƙar tsuntsu, matsefi ba ya shiga. Ran nan na cire ɗankwali zan yi alwalar Azahar, sai jelar kitso guda ta biyo hannuna sukutum, har da zaren da Larai ta ɗaure bakinta da shi. Na tsaya riƙe da ita a bakin rariya, buta tana tsiyaya a ƙafata, na rasa inda zan ajiye ta.

Saboda haka kada ki yi kitso. Wanda yake kanki yanzu ki tsefe shi kafin Litinin, ki wanke da sabulu mai laushi, kada ki sa man miƙar da gashi, kada ki sa rini. In za ki ji shawarata, ki ba Goggo Asabe almakashi ta rage miki shi sosai tun bai fara saki ba. Ke za ki zaɓi ranar, ke za ki ce a yanka. Ganin guntun gashi a kan matashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ganin jela guda a tafin hannu.

Kuskure na biyu shi ne babba, don shi na zauna rubutun nan.

Kin san Dada da gashi. Ko sili ɗaya ba ta bari a ƙasa. In ta gama taje miki kai sai ta tattare wanda ya maƙale a matsefi, ta murza shi a tafin hannu, ta je bayan ɗaki ta binne, don kada wani ya tsinta ya yi mugun abu da shi. Da na je Durba na buɗe mata kaina, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A ina kika bar gashinki?" Na ce magani ne, haka aka ce zai yi. Ta ce, "Na ga ciwo iri-iri, na mutum da na saniya. Ban taɓa ganin ciwon da yake cire kitso da zarensa ba. Wannan da hannu a ciki. Wa ya yi miki kitson?" Na ce Larai. Ta ce, "Wanda ya zube a gidanta wajen tsifar tsohon kitson, kin kwashe?" Na ce ban kwashe ba. Ta tafa hannu sau ɗaya.

Ba zan ɗora wa Dada ba. Tsoro ne ya kama ta, ta kuma nemi dalili a inda ta saba nema. Ni ce na san abin da nas ta faɗa, ni ce nake koyar da yara kimiyya a aji. Amma na gaji da amai, na tsorata da madubi, kuma ya fi min daɗi in yarda wani ne ya yi min a kan in yarda cewa abin da zai warkar da ni ne yake min haka. Maganar Dada ta ba ni ƙofar da nake nema. Ranar komawata asibiti ta zo ta wuce ina Durba. Babanku ya zo da babur ya yi magiya, na ce masa gara in tafi da sauran gashina. Na sha jiƙe-jiƙe, an yi min hayaƙi, an kwaɓa sassaƙe da man shanu an shafe min kai har ƙuraje suka feso. Ruwa biyu a jere ban je ba.

Kullutun da ya fara raguwa ya dawo, ni da hannuna na ji shi. Da na koma, likita bai yi faɗa ba. Ya duba, ya auna, ya ce, "Malama, mun koma baya." Aikin da aka yi min daga ƙarshe ya fi wanda aka fara tsarawa girma. Ba zan ce miki da tabbas guduna ne kaɗai ya jawo haka ba, shi ma bai ce ba. Abin da ya ce shi ne da ban tsaya ba, da damarmu ta fi yawa. Gashin da na gudu dominsa kuwa, ɗan abin da ya fara tsirowa a Durba ya sake zubewa da aka ci gaba da ruwan. Sau biyu na rasa shi maimakon sau ɗaya.

Na tabbata yau Dada ta cusa miki ƙunshi a hannu. Ki karɓa da hannu biyu, ki gode, amma kada ki sha, kada ki shafa, sai kin nuna wa likita. Nas ta gaya min wasu itatuwan suna rikici da maganin a cikin jiki. Addu'a da tofi kuwa babu mai hana ki, ki yawaita. Kada kuma ki zargi kowa. Na yi watanni ba na amsa gaisuwar Larai. Da labari ya kai mata, sai ga ta da kwanon kunun gyaɗa, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Malama, ni da gashin mutane nake cin abinci. In na lalata shi, me zan kitsa, kan kabewa?" Na rasa inda zan sa fuskata. Har yau in na tuna sai na ji nauyinta.

In rana ta zo da kika ji ba za ki iya komawa ba, kuma za ta zo, kada ki yanke hukunci ke kaɗai a ɗaki. Ki je asibitin ki faɗa musu da bakinki cewa kin gaji. Suna da maganin amai, suna iya sake tsari. Fushinki ki kai musu, kada ki kai shi tashar mota.

Na uku ƙarami ne amma ya kusa kwantar da ni. Da na ga kaina ya zama tsibi-tsibi, nan gashi can fata, sai na sayi reza na miƙa wa babanku. Ya ce, "Ni da ko akuya ban taɓa yi wa aski ba?" Na ce ko ya yi ko in kira wanzami gari ya ji. Ya zauna ya yi. Da ya gama ya cire hularsa ya shafa kansa ya ce, "To, yanzu gidan nan masu sanƙo biyu ne, sai a riƙa girmama ni, ni na riga." Ranar na fara dariya tun da aka fara ruwan. Sai dai ya ɗan yanke ni a bayan kunne, wurin ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya, na yi shiru ina shan maganin kanti. Da aka kai ni asibiti, nas ta yi faɗan da likita bai yi ba. Ta ce a lokacin kemo garkuwar jiki tana sauka, ƙaramin rauni yana iya zama babba, zazzaɓi kuma ba abin jira ba ne. Don haka ban da reza. Almakashi ko injin aski mai tsabta. In jikinki ya yi zafi, ko da rana ko da tsakar dare, ki tashi Goggo ku tafi, kada ki ce bari a ga gobe.

Na huɗu shi ne ɓoyo. Na riƙa cusa acuci, gashin nan na kanti, da tsumma a ƙarƙashin ɗankwali don a ga tudun kitso, in ɗora wani ɗankwalin a kai, sannan hijabi. Zufa ta jiƙa ni, ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Abin da ban lissafa ba shi ne, gashi ne yake riƙe ɗankwali. A gidan sunan wata maƙwabciya na sunkuya zan ɗauki tire, sai ɗaurin ya zame gaba ɗaya, acucin ya gangara ya tsaya a gaban masu tuƙa tuwo. Hajiya Kande, tsohuwar nan mai ƙosai, ita ta ɗauko shi ta karkaɗe, ta zagayo bayana ta ce, "Ashe haka ƙeyarki take da kyau kika ɓoye mana? Ni in aka aske ni, tsohuwar ƙwarya za a gani duk ɗinki." Ta ɗaura min ɗankwalin da kanta, ta cusa acucin a lalitarta ta ce ta samu na zuwa biki. Aka yi dariya, aka ci gaba da rabon tuwo. Abin da na yi watanni ina tsoro bai kai tsawon tafasar shayi ba.

Ga abin da ya yi min amfani daga baya. Ƙaramar hula ta auduga a ƙasa, ɗankwalin atamfa da ya sha wanki a kai, ban da mai santsi. Na sa miki huluna a aljihun jakar, Safiya ce ta ɗinka, kada ki duba ɗinkin. Kan da ba gashi yana jin rana, yana kuma jin sanyin Asuba fiye da yadda kike zato. Gira da gashin ido ma suna iya tafiya, nawa sun tafi daga baya, hancina kuma ya riƙa yoyo don gashin ciki ya zube, ki riƙa yawo da hankici. Kafin ki sa kwalli ki tambayi nas. Na damu da alwala har na je na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce, "Kai aka ce a shafa, Malama. Kan yana nan ko ya tafi?" Ba dole ki sanar da kowa ba, amma ki zaɓi mutum biyu ko uku da za ki iya zama a gabansu kai a buɗe ki sha iska.

Ke ma na ɓoye miki. Da kika zo Rano a wani hutu, kika shigo ɗakina ba zato ina shafa mai, na ja zane na rufe kaina na ce ki fita. Kika fita. Ina jin tun ranar kike tsoron abin da ba ki gani ba. Da na bar ki kin kalla, da kin ga kai ne kawai, na uwarki, mai ɗan tabo a bayan kunne.

Kada ki bari kowa ya ce miki "gashi ne kawai". Ni ba zan ce ba. Na san shekarun da Dada ta yi tana zaunar da ke tsakanin ƙafafunta da ƙoƙon man shanu, na san yadda ake juyowa a kalle ki a gidan biki. Ina kallo ni ma, ta gefen ido, ina ɗauke kai kada a ce ina yaba 'yar fari. In ya zube ki yi kuka, hakkinki ne. Ki share hawaye, ranar ruwa ta zo ki tafi.

Nawa ya dawo. Bayan an gama ruwan ya fara tsirowa laushi-laushi kamar na jariri, ya fi na da murɗewa, furfura ta fi yawa. Bai kai tsawon na da ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yana kitsuwa, da shi na tsaya aka ɗauke ni hoto da rigar gama karatu, kina gefe kina gyara min hula.

Yanzu ga abin da ban sani ba. Ban san ranar da naki zai fara zuba ba, ko duka zai tafi ko zai bar saura. Ban san ko girarki za ta tsaya ba. Ban san kamar da zai dawo da ita ba, ko tsawon lokacin da zai ɗauka. Ban san ruwa nawa za a sa miki ba, likita ya ce sai ya ga yadda jikinki ya karɓa. Ban san ko ciwona yana da alaƙa da naki ba, na tambaya an ce iri daban ne, amma tambayar ba ta bar ni ba. Ban san abin da Dada ta faɗa miki yau ba. Ban kuma san ko da gaske kike maganar da kika yi wa Safiya ba, wannan ya fi duka hana ni sukuni.

Abu biyu nake roƙo. In Goggo ta yanke gashin, ki tattare shi a ƙyalle mai tsabta, kada sili ya faɗi. Ranar Juma'ar da ta biyo baya in an tashi daga makaranta zan zo in karɓa, in kai wa Dada ta binne da hannunta, hankalinta ya kwanta, kada ta samu abin zargi.

Na biyu kuma, ban taɓa yi miki kitso ba, ko sau ɗaya. Hannuna ma bai iya sosai ba. Larai tana koya min a kan Safiya, Safiya tana cewa tsagata kamar hanyar shanu. In kin shanye ruwanki har na ƙarshe, gashin ya tsiro ya kai a kama, ni zan yi miki na farko, a nan ƙofar ɗakina, duk mai gani ya gani. Ba zan ja ba. Amma sai kin gama, sai kin dawo.

Allah Ya sa albarka a maganin, Ya ba masu duba ki basira da tausayi, Ya saka wa Goggo Asabe da alheri. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya dawo min da ke da ranki da lafiyarki, Halimatu.

Ni ce mahaifiyarki,
wadda kike kira Adda.